DARASIN LAFIYA: Shawarar da Ba Ta Zuwa da Zazzaɓi

'Yan'uwa, darasinmu na wannan wata a kan wani ciwo ne wanda ba a cika ambatonsa a ƙasar Dutse ba, watau ciwon daji na fankiriyas. Ba shi da yawa kamar zazzaɓin cizon sauro ko ciwon hanta. Amma duk jikin da ya shiga ya kan ɓuya, ya ari kamannin waɗansu cututtuka da muka saba da su, har a yi wata da watanni ana maganin abin da ba shi ne ba. Masu ƙidayar ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya sun ce a shekarar 2022 mutum wajen 510,000 suka kamu da shi a duniya, wajen 467,000 kuwa suka mutu. Ku dubi yadda lissafin nan biyu suka yi kusa da juna. Babban dalili shi ne, cikin mutum 10 da a ke gane ciwon a jikinsu, wajen 8 sun zo ne bayan ya wuce inda wuƙar likita za ta iya cire shi.

Mu ne mu ke zaune da tsofaffinmu, mu ne kuma mu ke zuwa gaida marasa lafiya. Idonmu ya kan riga na likita ganin canji. Saboda haka ya kamata mu san abin da za mu duba.

Mene ne fankiriyas?

Wata tsoka ce mai laushi, tsawonta kamar inci 6, tana kwance a gicciye a bayan tumbi, gab da ƙashin baya. Likitoci su ke kiranta fankiriyas. Kada mu rikita ta da saifa, gama saifa dabam ta ke, tana can ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Fankiriyas tana da kai da jiki da wutsiya. Kanta yana wajen dama, inda ƙaramin hanji ya fito daga tumbi ya lanƙwashe, wutsiyarta kuwa ta miƙe hagu har ta taɓa saifa.

Aikinta biyu ne. Tana zubo wa hanji wani ruwa, fiye da lita 1 kowace rana, wanda ya ke narkar da mai da nama da tuwo. Tana kuma yin insulin, watau abin da ya ke daidaita sukari cikin jini. Da ya ke tana can ciki ƙwarai, ba a jinta da hannu. Ƙari ya kan yi girma a jikinta ba wanda ya sani.

Yanzu sai mu lura da wani abu, domin a kansa darasin duka ya tsaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauta a kasuwar Shuwarin ya ga yadda su ke cire maɗaciya daga jikin hanta a hankali, don kada ta fashe ta ɓata nama. Mutum ma yana da ita. Hanta ce ta ke yin ruwan maɗaciya, ta tara shi cikin 'yar jakar nan, sa'an nan ya bi wani siririn bututu ya sauka cikin hanji. Bututun nan ta cikin kan fankiriyas ya ratsa. Kashi 2 cikin 3 na wannan ciwon daji kuwa a kan fankiriyas su ke tsirowa. Ko ƙarin bai kai dabino girma ba, yana iya matse bututun ya toshe shi.

Abin da ya kan faru in hanya ta toshe

Kowa ya san abin da ya kan faru da damina in kwata ta toshe: ruwa ya kan komo cikin gida. Haka ruwan maɗaciya ya ke yi. In ya rasa hanyar sauka cikin hanji sai ya koma cikin jini. Daga nan alamu su ke fitowa, kowace da dalilinta.

Fitsari ne ya kan fara canzawa. Ƙoda tana ƙoƙarin tace abin da ya taru cikin jini, sai fitsari ya yi duhu kamar shayi mai kauri wanda ba a sa masa madara ba. Da zafin bazara fitsarin kowa ya kan yi ja in bai sha ruwa sosai ba, amma wannan, ko an sha tulu guda, ba ya washewa. Bayan gida kuwa sai ya koɗe, ya zama kamar farar ƙasa ko toka, gama ruwan maɗaciya ne ya ke ba shi launinsa tun asali. Wani lokaci ya kan yi maiƙo da wari mai tsanani, ya ƙi wankuwa da ruwa, domin man da aka ci bai narke ba. Sa'an nan farin ido ya zama rawaya. Ga kuma ƙaiƙayi a jiki duka, musamman tafin hannu da tafin ƙafa, ya fi tsanani da dare, ba kuwa ƙuraje. Waɗansu su kan yi susa har su ji wa kansu rauni, a gida kuma a ce ƙazwa ce ko kuɗin cizo.

To, a nan ne wahalar ta ke. Duk wanda idonsa ya yi rawaya, mu kan ce shawara ce. Gaskiya ne shawara ce, amma shawara alama ce, cututtukan da su ke kawo ta suna da yawa. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana kawo ta. Mai sikila ya kan yi ta tun yana yaro, ta zo ta tafi. Akwai zazzaɓin shawara na annoba, irin wanda ya ɓulla a ƙasar Alkaleri ta Jihar Bauchi a 2019. Akwai ciwon hanta, wanda shi ne ya fi yawa a cikinmu. Binciken da gwamnatin Nijeriya ta yi a 2018 ya nuna cikin manya 100, wajen 8 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta iri na B. Tsakuwa cikin jakar maɗaciya ita ma tana toshe hanya, amma ta kan zo da murɗar ciki mai tsanani wadda ta ke tasowa ta lafa.

Yawancin waɗannan suna zuwa da zazzaɓi ko ciwon jiki ko amai, su kwantar da mutum. Shawarar da mu ke magana a kai sau da yawa a hankali ta ke shigowa. Mutumin ya haura shekara 50, ba zazzaɓi, wani ma ba ciwon ciki ko kaɗan. Yana zuwa gona, yana zuwa kasuwa. Sai dai rawayar ido tana ƙaruwa mako bayan mako ba ta ja da baya, shi kuwa yana ramewa. Rashin zafin nan shi ya ke ruɗin mutane, su ce da abu ne mai nauyi ai da ya kwanta. A ganinmu shawarar da ta zo wa dattijo shiru ta fi mai zazzaɓi ban tsoro. Tun 1890 wani likitan fiɗa na ƙasar Suwizalan, Ludwig Courvoisier, ya lura da cewa in mai shawara yana da jakar maɗaciya kumburarriya wadda a ke ji da hannu, ba safai tsakuwa ce ta jawo ba. Har yau ana koya wa ɗaliban likita wannan.

Yadda za a duba ido

A baƙar fata ba a ganin shawara a jiki sai ta yi nisa. Baki ma ba abin dogara ba ne ga mai cin goro. Ido za a duba, da rana, a waje ko a bakin ƙofa. Hasken fitila da na tocila da na lantarki su kan ɓoye rawaya. Idon tsofaffi da yawa ya riga ya yi ƙasa-ƙasa saboda rana da ƙurar hunturu, amma wannan dabbare-dabbare ne, a tsakiya kawai inda iska ta ke bugawa. Sai a ce wa mutumin ya dubi ƙasa, a ɗaga fatar idonsa ta sama a hankali. In farin da ya ke ɓoye a can ya yi rawaya bai ɗaya, shawara ce. Sa'an nan a tambaye shi launin fitsari da na bayan gida. Mun san tambaya ce mai nauyi ga ɗa ya yi wa mahaifinsa. In haka ne, a sa matarsa ko tsaransa ya tambaya.

Abin da a kan yi a gida

A garuruwanmu, da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu da ƙauyukansu, in an ce shawara sai a nemo saiwar rawaya a jiƙa ko a sa cikin kunu. Mutane da yawa za su ce sun sha sun warke, ba kuwa za mu ƙaryata su ba. Akwai irin ciwon hantar da ya kan warke da kansa cikin 'yan makonni, ko an sha jiƙo ko ba a sha ba. Amma bututun da ƙari ya matse, ba jiƙon da zai buɗe shi, ba kuma ƙwayar kemis. Abin da a ke asara shi ne kwanaki, kwanakin nan kuwa su ne dukiyar mai wannan ciwo.

Akwai abu guda da mu ke roƙo a kiyaye ƙwarai. Kada a kai mai irin wannan shawara wurin wanzami a yi masa ƙaho ko tsaga ko sakiya. In ruwan maɗaciya ba ya isa hanji, jiki ba ya iya shan bitamin K daga abinci, ba tare da shi ba kuwa jini ba ya daskarewa da wuri. Ƙaramin yanka yana iya zubar da jini har a rasa yadda za a tsai da shi. Haka kuma in mai shawara ya fara zazzaɓi da rawar ɗari, ko hankalinsa ya fara gushewa, ruwan da ya tsaya ne ƙwayoyin cuta suka shiga. Wannan ba a kwana da shi a gida.

Ciwon da a ke kira olsa

In ƙarin a jikin fankiriyas ko wutsiyarta ya tsiro, nesa da bututun maɗaciya, shawara ba ta fitowa sai can daga baya. Abin da a ke fara ji shi ne ciwo a ƙahon zuciya, mai nauyi, kamar ana ci a ciki, yana ratsawa zuwa tsakiyar baya. Ya kan tsananta bayan cin abinci da sa'ad da aka kwanta rigingine. Ya kan yi sauƙi in an zauna an sunkuya gaba. In kun ga dattijo ya daina barci a kwance, ya kan kwana zaune ya rungume gwiwa ko matashi, ku tambaye shi dalili.

Kusan kowa zai ce gyambon ciki ne, watau olsa, a sayo farin magani a kemis. Ciwon bayan kuwa a ɗora wa garma da huɗa. Lalle yawancin masu ciwon ciki da baya ba su da ciwon daji, kada kowa ya firgita. Amma gyambon ciki ya kan ji magani cikin makonni kaɗan, ciwon bayan noma kuma ya kan lafa in an huta. Wanda ya haura 50, bai taɓa yin olsa ba sai yanzu, ya sha magani wata guda ba sauƙi, yana kuma ramewa, to, lokacin sake kwalba ya wuce, sai a nemi hoton ciki.

Rama ita ce alamar da ta fi kowace yawa, ita ce kuma aka fi rainawa. Manomi ya kan zube da damina, ga aiki ga ƙarancin hatsi. Amma in kaka ta yi, gero da dawa sun shiga rumbu, ya kamata ya murmure. Wanda rumbunsa ya ke cike amma wandonsa yana zamewa, ya ci loma uku ya ce ya ƙoshi, nama da mai suna gundurarsa, akwai abin bincike. Ma'aunin likitoci shi ne wannan: in mutum ya rasa kashi 1 cikin 20 na nauyinsa cikin wata 6 ba da nufi ba, a nemi dalili. Watau mai kilo 60 ya rasa kilo 3. A je ɗakin shan magani mai sikeli. A hau, a rubuta a takarda tare da kwanan wata, a komo bayan wata guda a sake.

Sai ciwon sukari. Da ya ke fankiriyas ce mai yin insulin, wani lokaci sukari ne ya ke fara tashi, watanni kafin a ga wata alama. Wani bincike na asibitin Mayo a Amurka a 2005 ya nuna cikin mutum 100 da ciwon sukari ya fara kama su bayan shekara 50, kusan 1 aka samu da wannan ciwon daji cikin shekara 3. Sauran 99 ciwon sukari ne kawai. Wanda za a sa wa ido shi ne dattijo marar ƙiba, ba mai sukari a danginsa, ya fara yawan ƙishi da fitsari, yana ramewa ko da ya ke yana shan maganinsa daidai. Haka kuma tsohon mai sukari wanda ya daɗe lafiya, sai kwatsam magani ya daina riƙe shi.

Akwai kuma kumburin sha-raɓa ɗaya mai zafi, wanda gudan jini a jijiya ya ke kawowa. Shi ma na asibiti ne a ranar.

Wa ya fi kamuwa?

Yawanci waɗanda suka haura shekara 60, maza sun ɗan fi mata. Mai shan taba ya ninka wanda ba ya sha wajen haɗari, haɗarin kuwa ya kan ragu a hankali bayan an daina. Ƙiba mai yawa tana ƙarawa, haka kuma giya in ta daɗe tana ƙona fankiriyas. Wajen 1 cikin 10 na gado ne. Manyanmu sun san Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, wanda ya yi aikin yaƙi da kurkunu a ƙasar nan tare da Janar Yakubu Gowon, har aka tabbatar a 2013 cewa Nijeriya ta rabu da ita. Wannan ciwo ne ya kashe mahaifinsa a 1953, da ƙanwarsa Ruth a 1983, da ƙanensa Billy a 1988, da ƙanwarsa Gloria a 1990. Shi kuwa bai same shi ba, ya rasu a 2024 yana da shekara 100. In mutum biyu na jini ɗaya sun yi shi a gidanku, ku gaya wa likita ko bai tambaya ba.

Ina za a je?

A 2015 aka ba likitocin Ingila ƙa'ida cewa duk mai shekara 40 ko fiye da ya zo da shawara, a tura shi wurin gwani cikin mako 2. Mu ma sai mu ɗauki wannan ma'auni a gidajenmu. A fara da Babban Asibitin Dutse ko babban asibitin da ya fi kusa. Daga nan a kan tura mutum asibitin Rasheed Shekoni, wanda ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. In abin ya fi haka sai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Zariya. A karɓi takardar turawa, gama tana rage yawo da kashe kuɗi.

A tafi da kwalayen dukan magungunan da aka sha, a kuma faɗi jiƙon da aka sha ba kunya. A gaya wa likita ranar da ido ya fara rawaya, da launin fitsari da na bayan gida, da yawan ramar. Zai sa a gwada jini domin hanta da sukari da ƙwayoyin ciwon hanta, sa'an nan a yi sikanin na ciki, wanda a kan yi kafin a ci abinci. Mu gane wani abu game da sikanin: iskar da ta ke cikin hanji ta kan tare fankiriyas, har mai dubawa ya kasa ganinta. Amma yana iya ganin ko bututun maɗaciya ya kumbura. In ya kumbura, ko kuwa an ce ba a ga kome ba alhali alamu suna ci gaba, sai a koma wurin likita a yi maganar babban hoto wanda a ke kira siti sikan. Yana da tsada, gara dangi su haɗa kuɗinsa tun da wuri da a ƙarar da su a kan kwalabe.

In an same shi da wuri, maganinsa fiɗa ne. Wani likita a birnin New York, Allen Whipple, ya bayyana yadda a ke yin aikin a 1935, har yau kuwa da sunansa a ke kiransa. A kan cire kan fankiriyas da farkon ƙaramin hanji da jakar maɗaciya, sa'an nan a sake haɗa hanyoyin. Babban aiki ne na awoyi da yawa, bayansa kuma a kan ba da magungunan ciwon daji ta jijiya. Lissafin Amurka na 'yan shekarun nan ya nuna cikin 100 da aka gane ciwon bai fita daga fankiriyas ba, wajen 44 suna da rai bayan shekara 5. Cikin 100 da ya riga ya bazu zuwa hanta ko huhu, wajen 3 ne.

In an ce ba ya ciruwa

Da yawa daga cikin namu wannan amsa za su ji, sai dangi su ɗauki marar lafiya su koma gida su ce asibiti ya gaza. Kada a yi hanzarin tafiya, akwai sauran taimako. Likita yana iya zura ɗan bututu ta baki ya buɗe hanyar da ta toshe, ko ya yi ƙaramin aiki ya kewaye ta. Cikin makonni kaɗan ido ya kan washe, ƙaiƙayi ya tsaya, mutum ya sami barci, ya ji daɗin abinci. Akwai ƙwayoyin da a ke haɗiya tare da abinci, su yi aikin narkarwa a madadin ruwan fankiriyas, su rage zawo mai maiƙo.

Mun kuma saba ɓoye wa marar lafiya sunan ciwonsa don tausayi. Amma dattijo yana da gona da bashi da 'ya'ya da maganar da ya ke so ya bari. In ya tambaya, a gaya masa a hankali, gwargwadon abin da ya nema ya sani.

Zafin ciwon ya kan yi tsanani, kuma akwai maganinsa. Mofin, in likita ya rubuta, ba abin tsoro ba ne, ba kuma alamar an sallama mutum ba ce. A ba shi bisa ga agogo yadda aka rubuta, kada a jira sai ya fara nishi. Ya kan ɗaure ciki, don haka a roƙi maganin sassauta ciki tare da shi. Abinci kuwa kaɗan-kaɗan, sau 5 ko 6 a yini, kunu da fate da ɗan kifi ko ƙwai, ba mai da yawa. In ya ture kwano kada a yi masa dole, a dawo da shi an jima.